Jiragen yaƙin Sin sun fara leƙowa tekun Gini: me ke tafe, me kuma ya shafe mu?

Malam Sani, Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'a. Bari mu ɗauko zancen da aka fara jiya aka watse ba a ƙarasa ba, na rundunar sojan ruwan Sin da abin da take nema a gaɓar Afirka ta Yamma. A Agustan 2017 ta buɗe sansanin sojanta na farko a wajen ƙasarta, a Jibuti. A Disambar 2021 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito jami'an Amurka na cewa tana neman wani a Bata ta Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyarmu ta ruwa. A farkon Yulin 2023 kuma jiragenta uku, Nanning da Sanya da jirgin guzuri Weishanhu, suka yada zango a Legas kwana biyar. Ku haɗa da tashar jiragen ruwa ta Lekki a Legas da kamfaninta ya gina. Ni a ganina sansani ne ke tafe, ana dai yi mana shimfiɗa ne a hankali. In ya zo, tekunmu zai zama fagen kokawar Sin da Amurka. Masu sani su yi mana bayani.

Kawu Ɗanladi, Kawo

Wa alaikumus salam. Malam Sani, tsakaninmu da teku tafiyar yini guda ce cur a mota. Mu da ke fama da hanyar Birnin Gwari, ina ruwanmu da jirgin da ya tsaya a Bata?

Alhaji Nasiru, Kakuri

Kawu, ruwanka kuwa tsundum. Kwantenar da ake saukewa a tashar tudu ta Kakuri, wadda aka buɗe a Janairun 2018, ta teku ta zo. Alkamar burodi, sinadaran haɗa taki, kayan gyaran babur da ke Panteka, kifin titus da kote da ke ɗakunan sanyi na kasuwar Gumi, duk ta nan. Da zarar kamfanonin inshora na Landan sun sa yanki cikin jerin wurare masu haɗari, kowane jirgin da zai shiga sai ya sayi ƙarin inshorar yaƙi na wannan tafiyar, ga ta garkuwa da ma'aikata, ga alawus ɗin haɗari, ga kuɗin jirgin rakiya. Mai jirgi ba ya cire wannan daga aljihunsa. Ɗora shi yake a kan kwantena, mai shigo da kaya ya ɗora wa ɗan sari, ɗan sari ya ɗora maka. Abin haushin ma, fashin ya ragu ƙwarai tun 2021 amma NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta Najeriya, ta yi shekaru tana kukan cewa ba a daina cazar mu wannan ƙarin ba.

Dakta Hauwa, Malali

Malam Sani, kafin mu iso Bata ya kamata mu duba inda hankalin rundunar yake. Ma'aikatar tsaron Amurka ta ƙiyasta jiragen yaƙin Sin sun haura 370, wato ta fi kowa yawa a ƙidaya, ko da yake Amurka ta fi ta nauyin jirage, kuma tana da manyan masu ɗaukar jiragen sama 11 da ke aiki da nukiliya. Na Sin uku ne: Liaoning na 2012, Shandong na 2019, sai Fujian da aka saka a ruwa a 2022. To amma duk wannan ƙarfin ina aka tara shi? Ƙofar gida. Taiwan, tekun kudancin Sin, da jerin tsibiran da suka taso daga Japan zuwa Filifins, waɗanda Sinawa ke kallo a matsayin shingen da aka yi musu. Can ta cike duwatsun ruwa irin su Fiery Cross da Subi da Mischief ta mai da su tsibirai, kowanne da titin jirgin sama mai kusan mita 3,000. Kotun sulhu a Hague ta yanke hukunci a Yulin 2016 cewa iƙirarinta a tekun ba shi da madogara a doka, ta ce ba ta san zancen ba.

Takardar manufofin tsaronta ta 2015 ta raba aikin biyu: tsare tekun kusa, da kare muradu a teku mai nisa. Na farko shirin yaƙi ne. Na biyu kuwa gadin hanya ne da kwashe 'yan ƙasa in wuri ya rikice. Tun 2003 shugabansu na lokacin, Hu Jintao, ya nuna damuwa cewa yawancin man da suke saye ta mashigin Malaka yake bi, wanda wani zai iya toshewa. Shi ya sa tekun Indiya ya fi tekunmu muhimmanci a wurinsu nesa ba kusa ba. Tun Disambar 2008 suke aika ayarin rakiya mashigin Aden, yawanci jiragen yaƙi biyu da na guzuri ɗaya, wani ya karɓi wani. Jiragen da suka zo Legas daga cikin irin wannan ayarin suke. Nanning da Weishanhu ɗin ma su ne suka kwashe Sinawa daga Port Sudan a Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke. Sun gama aikinsu ne suka zagayo gaishe-gaishe kafin su koma gida.

Malam Sani, Tudun Wada

Dakta, ai Jibutin ma da rakiya aka fara. Shekara tara suna cewa ba sa kafa sansani a ƙasar kowa, da suka kafa sai suka kira shi wurin tallafin guzuri. Yanzu sun ƙara masa matsayar jirage mai tsawon sama da mita 300, wadda babban jirgi zai iya jingina da ita. Me zai hana a maimaita a nan?

Baba Kwamanda, Unguwar Dosa

Malam Sani, abin da zai hana shi ne lissafin mai da kwanaki. Daga Jibuti zuwa Legas, ko ta Suwez ka bi ko ta ƙarƙashin Afirka ta Kudu, sama da mil ɗin teku 6,000 ne. Mil ɗin teku kilomita 1.852 ne. Jirgin yaƙi in yana tsimin mai yana yin kamar mil 15 a awa, wato 360 a yini, ka ga kusan mako biyu da rabi zuwa uku ke nan kafin ya iso. Sannan akwai ƙa'idar da kowace runduna ta sani: in kana son jirgi ɗaya ya zauna a bakin aiki kullum, uku kake bukata. Ɗaya na aiki, ɗaya na gyara, ɗaya na horo ko yana kan hanya. In wurin ya yi nisa irin wannan, huɗu ma ba su yi yawa ba. Duk jirgin da aka ajiye a tekun Atilantika an rage shi ne daga lissafin Taiwan.

Kuma a daina kiran kowace tasha sansani. Sansanin ruwa na gaske yana bukatar rumbun mai na soja, ma'ajiyar makamai masu linzami da aka gina nesa da jama'a, wurin ɗaga jirgi a gyara cikinsa, ɗakin sadarwa na sirri, asibiti, da yarjejeniyar da za ta faɗi kotun da za ta hukunta sojan baƙo in ya yi laifi a gari. Ba a ɓoye irin wannan gini daga tauraron ɗan adam. A Bata kamfanin Sin ya faɗaɗa tashar kasuwanci, mataimakin shugaban ƙasar ya ce babu wata yarjejeniyar sansani, Amurka kuma ta tura manyan jami'anta can tun Oktoban 2021 don ta ja kunne.

Sai dai ban ce Malam Sani bai ga komai ba. Abin da rundunar ke bukata a nan ba sansani ba ne, wurin shan mai ne da ruwa da abinci da hutun ma'aikata na kwana uku zuwa biyar. Wannan kuwa tashar kasuwanci mai zurfi ta isar.

Usman, Rigasa

Baba, ranka ya daɗe, to Lekki ke nan? Na ga an ce zurfinta mita 16.5, kuma kamfanin China Harbour ne ke da kaso mafi tsoka.

Barista Maryam, Barnawa

Usman ƙanena, haka ne. Kuɗin aikin kusan dala biliyan 1.5, daga ciki bankin raya ƙasa na Sin ya ba da rancen dala miliyan 629, aka buɗe ta a Janairun 2023. China Harbour na da kashi 52.5, sauran na kamfanin Tolaram da gwamnatin Legas da hukumar tashoshin ruwa. Amma mallakar hannun jari daban, ikon ƙasa daban. Jirgin yaƙin wata ƙasa ba ya shiga tashar Najeriya sai da izinin diflomasiyya daga Abuja, ko da ɗan ƙasarsu ne ya gina tashar.

Inda ni nake sa ido shi ne wata dokar Sin kan sufurin tsaron ƙasa da ta fara aiki a 2017. Ta wajabta wa kamfanonin sufurinsu da ke waje su tallafa wa sojansu da guzuri da wurin hutu in an nema. Wato kamfani zai iya samun kansa tsakanin dokar gida da dokar masauki. Maganin wannan a cikin kwantiragi yake: a rubuta ƙarara cewa ba a yi wa jirgin soja hidima sai da sahalewar gwamnatin tarayya, bayanan shige da ficen kaya a na'urorin da ke cikin Najeriya za su zauna, kuma in an kasa biyan bashi ba a biya da tashar. Hambantota ta Sri Lanka da aka ba da haya na shekara 99 a 2017 ita ce kowa ke ambatawa. Masana na jayayya a kan ko tarko aka ɗana musu ko su suka jefa kansu, amma babu mai jayayya cewa ƙasar da bashi ya shaƙe ba ta iya ciniki.

Tarihinmu ma yana da abin cewa. Yarjejeniyar tsaro da Ingila da aka ƙulla lokacin 'yancin kai, zanga-zangar ɗalibai ta sa aka soke ta a 1962. A 2024 da wasu dattawan Arewa suka rubuta wasiƙa kan jita-jitar dawo da sansanonin Amurka da Faransa daga Sahel zuwa nan, gwamnati da kanta ta fito ta musanta. Duk shugaban da ya sa hannu a kan sansanin baƙi, na gabas ko na yamma, ya san abin da zai tarar.

Kawu Ɗanladi, Kawo

To ni ku ba ni amsa ɗaya. In manyan nan suka zo da jiragensu, ba sai 'yan fashin su gudu ba? Wanda ya kawo maka gadi kyauta ai ba ka tambayar sunan kakansa.

Baba Kwamanda, Unguwar Dosa

Kawu, a nan ne mutane da yawa ke kuskure. Fashin tekun Gini ba irin na Somaliya ba ne. A Somaliya jirgin suke kamawa gaba ɗaya su ajiye shi watanni, don haka rundunonin waje na da lokacin da za su kewaye shi. Namu kuwa mutane suke ɗauka. Yadda masu garkuwa ke tare hanyar Abuja su kwashi fasinja su shige daji kafin jami'ai su iso, haka waɗannan ke yi, sai dai dajinsu surƙuƙin fadamun Neja Delta ne. Kwale-kwale mai injin baya biyu, kowanne doki 150 ko 200, yana gudun mil 25 ko fiye a awa. Tankar mai da ta yi lodi ba ta wuce 12 zuwa 14, kuma nauyi ya sa bakinta ya matso kusa da ruwa, tsanin alminiyom mai ƙugiya ya isa a hau. Rada ba ta ganin ƙaramin kwale-kwalen roba da wuri, musamman in teku na da igiya. Sau da yawa sai ya rage 'yan mil kaɗan a hango shi. Yanzu ka lissafa: jirgin yaƙi na nesa da mil 60, yana gudun mil 20 a awa. Awa uku ke nan. Su kuwa in ba su gamu da cikas ba, kafin awa guda sun zaɓi kyaftin da babban injiniya sun tafi.

Saboda haka abin da ke ceton ma'aikata shi ne jinkirta ɓarayin. Kundin ƙa'idojin da kamfanonin jirage suka fitar domin Afirka ta Yamma a 2020 ya jera matakan: jirgi ya yi rajista da cibiyar sa ido kan jirage ta MDAT-GoG da Faransa da Ingila ke gudanarwa kafin ya shigo yankin, a kewaye gefensa da waya mai reza, a ƙara masu tsaron ido, a kulle ƙofofi daga ciki, a guji tsayawa cak a fili ana jiran layi. In an hau, kowa ya ruga ɗakin mafaka mai ƙofar ƙarfe, inda aka tanadi ruwa, abinci, wayar tauraron ɗan adam mai eriyarta daban, da hanyar kashe inji. Abin da ke ɓata shirin sananne ne. Mutum ɗaya ya makara a waje, su ɗora masa bindiga, dole na ciki su buɗe. Ko ƙofar ta yi ƙarfi amma madogaranta na ƙarfen banza ne. Ko a manta da kafar iska, su tura hayaƙi. Jirgin Mozart a Janairun 2021 ma'aikatansa sun shiga mafaka, amma ɓarayin suka samu sa'o'i suna fasa ƙofa babu mai zuwa, suka kashe injiniya ɗaya ɗan Azarbaijan, suka tafi da Turkawa 15. Ɗakin mafaka lokaci kawai yake saya, dole a sami wanda zai iso cikin lokacin. Jirgi mai saukar ungulu da ƙaramin jirgin sintiri da ke kusa sun fi ƙaton jirgin yaƙi da ke nesa amfani.

Barista Maryam, Barnawa

In ƙara a kan na Baba, ko sun iso ma akwai matsalar doka. Yarjejeniyar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ce mil 12 daga gaɓa ruwan ƙasa ne, laifin da aka yi a ciki na ƙasar ne ita kaɗai. Jirgin yaƙin baƙo ba shi da hurumin bin ɓarawo ya shigo ciki. Ko jirginmu ma in ya biyo ɓarawo, yana shiga ruwan Benin ko Kamaru haƙƙin bin ya yanke, sai in da yarjejeniya. Daga mil 12 zuwa 200 yankin tattalin arziki ne, kifi da mai namu ne, amma a can kowace runduna na iya kama ɗan fashi.

To ka kama, sai ka kai shi ina? Denmak ta aiko jirginta Esbern Snare a ƙarshen 2021. A Nuwamba suka yi musayar wuta da wasu a kudu da ruwan Najeriya, suka kashe huɗu, suka kama huɗu. Babu ƙasar yankin da ta yarda ta karɓe su. A Janairun 2022 aka saka uku a ƙaramin kwale-kwale da mai da abinci aka sallame su, na huɗun da aka yanke wa ƙafa aka kai shi Denmak. Wata guda bayan haka rikicin Yukiren ya taso, aka kira jirgin gida. Kawu, ga gadin kyauta nan: ranar da gobara ta tashi a gidan mai gadin, tafiya zai yi.

Ku kwatanta da Hailufeng 11, jirgin kamun kifi na Sinawa da aka sace a ruwan Kwaddibuwa a Mayun 2020. Ta hanyar musayar bayanai tsakanin ƙasashen yankin aka bi sawunsa, sojan ruwan Najeriya suka tare shi, suka kuɓutar da ma'aikata 18, suka kama mutum 10. A Yulin 2021 babbar kotun tarayya a Legas ta ɗaure kowannensu shekara 12 a ƙarƙashin dokar yaƙi da fashin teku ta 2019. Jirgin Sinawa ne, amma babu jirgin yaƙin Sin ko ɗaya a cikin labarin.

Dakta Hauwa, Malali

Alƙaluman ma sun bi bayan Barista. Hukumar IMB mai tattara rahoton fashin teku ta ce a 2020 an sace ma'aikatan jirage 135 a duniya, 130 a tekun Gini. A 2021 hare-haren yankin suka sauko daga 81 zuwa 34, waɗanda aka sace suka koma 57. Me ya faru a tsakani? Dokar 2019 ta fara cizo. A Yunin 2021 aka ƙaddamar da shirin Deep Blue na dala miliyan 195, lokacin Bashir Jamoh na shugabancin NIMASA: manyan jiragen ruwa 2, jiragen sama na leƙe 2, masu saukar ungulu 3, kwale-kwalen kai ɗauki 17. Wata guda bayan nan aka buɗe Falcon Eye, jerin rada da kyamarori a gaɓa. Ba zan ce su kaɗai suka yi aikin ba. Jiragen Turai sun yawaita a lokacin, kuma akwai masu ganin wasu 'yan fashin sun koma satar ɗanyen mai ne don ta fi riba kuma ta fi sauƙi. Amma ba rundunar wata babbar ƙasa ce ta zo ta share mana teku ba.

In ana son ganin yadda Sin ke amfani da sansani, a dubi Bahar Maliya. Da 'yan Husi na Yaman suka fara kai wa jirage hari a Nuwambar 2023, Amurka ta haɗa gamayya a Disamba, Tarayyar Turai ta haɗa tata a Fabrairun 2024. Sin tana da sansani a bakin mashigin, ba ta shiga ko ɗaya ba. Jirage suka koma zagaye ta Afirka ta Kudu, tafiya ta ƙaru da kwana 10 ko fiye. Sansanin na muradinta ne, ba na unguwa ba. Haka ma na Amurka da na Faransa da ke Jibutin.

Malam Sani, Tudun Wada

Na ji, amma kun tsallake abu ɗaya: tana da dukiya a ruwanmu. Kamfanin man Sin CNOOC ya sayi kashi 45 na rijiyoyin man teku na OML 130 tun 2006 daga kamfanin Janar Ɗanjuma, a nan rijiyoyin Akpo da Egina suke. Mai dukiya ba ya barin ta a hannun maƙwabci har abada. A taron Beijin na Satumbar 2024 Xi Jinping ya yi alkawarin tallafin soja na yuwan biliyan 1 da horar da sojojin Afirka 6,000. Wannan ba gaishe-gaishe ba ne, Dakta.

Baba Kwamanda, Unguwar Dosa

Ba gaishe-gaishe ba ne kam, kuma nan ne ya kamata a tsaya a duba, ba wajen sansani ba. Tasiri ta ƙofar kayan aiki yake shigowa. Duba jiragenmu. Aradu na Jamus ne, tun 1982. Thunder da Okpabana tsofaffin jiragen tsaron gaɓar Amurka ne da aka ƙera a shekarun 1960. Centenary da Unity na Sin ne, mita 95 kowanne, injinansu kuma na MTU ta Jamus. Lana mai auna zurfin teku daga Faransa, Kada daga kamfanin Damen, ga sababbi biyu masu mita 76 da aka ba kamfanin Dearsan na Turkiyya. A siyasance dabara ce, babu wanda ya riƙe mana wuya shi kaɗai. A wajen makaniki kuwa azaba ce. Kowane jirgi da irin famfonsa, irin wutarsa, irin harsashinsa, da littafin gyaransa. Wanda ya ƙware a wannan sai an sake horar da shi kafin ya taɓa wancan. Ƙaramin abu kamar allon sarrafa janareta ya ƙone, jirgi ya kwanta watanni ana jiran takardar sayo kaya da canjin dala. Jirgin ƙarfe kuma yana bukatar a ɗaga shi duk bayan shekara biyu zuwa uku a kankare ƙwarin da suka manne, a sake fenti, a canja tubalan tutiya da ke hana tsatsa. In aka tsallake, gudu ya ragu, shan mai ya ƙaru. Wanda ke da kayan gyaranka shi ke da ikon ranar fitarka. Shi ya sa Andoni da Karaduwa da Oji da aka ƙera a ma'aikatar jirage ta rundunar a Legas, duk da ƙanƙantarsu, suka fi burge ni.

Sai rediyo da bayanai. Atisayen Obangame Express na Amurka, wanda aka yi a Legas a 2023, da Grand African Nemo na Faransa, suna koya wa yaranmu tsarin sadarwa da na bincike irin na yamma. In wani ya kawo nasa rada da manhajar da ba ta magana da waccan, ɗakin aiki ɗaya zai ƙare da allo uku da ba sa ganin juna.

Usman, Rigasa

Anti Maryam, ina tsarin Yawunde ya shigo a nan? Ana ta ambatarsa ban gane yadda yake aiki ba.

Barista Maryam, Barnawa

Tsarin haɗin kai ne na ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya kan tsaron teku, an sa masa hannu a Yunin 2013. Babbar cibiya a Yawunde, ta yamma a Abijan, ta tsakiya a Pointe-Noire, sannan aka yanka tekun shiyya-shiyya. Mu aka sa mu a shiyyar E tare da Benin da Togo da Nijar, cibiyarmu a Kwatano. Aikinta shi ne in jirgi ya tsere daga ruwan wannan, a buga wa na gaba ya tare. Heroic Idun misali ne: ƙatuwar tankar da ta bar yankin Akpo a Agustan 2022 ba tare da ta tsaya wa sojanmu ba, Ikwatoriyal Gini ta riƙe ta, aka dawo da ita a Nuwamba. Rauninsa biyu ne. Ba yarjejeniya ce mai tilastawa ba, kuma kaso mai yawa na kayan aiki da horo daga masu ba da tallafi na waje yake fitowa. Ranar da gasar manya ta yi zafi, mai ba da manhaja zai fara tambayar wa kake nuna wa bayanan.

Alhaji Nasiru, Kakuri

Ku bar ni in sako kifi, don shi ne inda Sin ta riga ta iso tekun nan da jirage, ba na yaƙi ba. A Gana ƙungiyar kare muhalli ta EJF ta ƙiyasta kusan kashi 90 na manyan jiragen jan koma na da alaƙa da masu kuɗi Sinawa, duk da tutar Gana suke ɗagawa, sunan ɗan ƙasa ne a takarda. Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi a 2021, ta ba Kamaru jan kati a 2023. Dabarun sanannu ne: a kashe na'urar AIS mai nuna inda jirgi yake da dare, a shigo yankin masu ƙananan kwale-kwale, wanda a dokarmu mil 5 ne daga gaɓa, a sa koma mai ƙananan idanu a cikin babba, a juye kifin ga wani jirgi a tsakiyar teku don kada a auna shi a tasha. Masunci ya rasa kifi, yana da kwale-kwale, ya san ruwa, ga mai neman direba da kuɗi a hannu. Sauran ku ƙarasa da kanku.

Dakta Hauwa, Malali

Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ma babu wanda ya ambata. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu suka katse a gaɓar Kwaddibuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, har masu POS a Kaduna suka ji a jikinsu. Ba hari ba ne, zaftarewar ƙasa a ƙarƙashin ruwa aka fi zato, amma jiragen gyaran daga nesa suka taso, aka yi makonni.

Malam Sani, Tudun Wada

To na rage murya a kan Bata, amma ban sauka ba. Amurka ta fice daga Agadas a 2024, Faransa ta miƙa sansaninta na Abijan da na Dakar a 2025. Wuri ya buɗe a gaɓar nan, kuma Gabon da Angola da Namibiya duk ana ambatar su. Baba Kwamanda, in da za a ba ka alama ɗaya da za ka ce in ka gan ta lissafinka ya canja, wacce ce?

Baba Kwamanda, Unguwar Dosa

Jirgin guzuri, Malam Sani, ba jirgin yaƙi ba. Weishanhu ya zo ya koma tare da ayarinsa. Ranar da ka ga irinsa ya zauna a Atilantika shi kaɗai wata da watanni, yana shan mai a tasha ɗaya a kai a kai, ko ka ga an killace wani sashe na tashar kasuwanci an gina tankokin mai da ba na 'yan kasuwa ba, to an fara. Kafin nan a riƙa duba jiragensu na auna ƙasan teku, don babu mai kawo jirgin ƙarƙashin ruwa wurin da bai san zurfinsa da ɗumin ruwansa da gishirinsa ba. Barista, izinin irin wannan binciken a cikin mil 200 ɗinmu, wa ke bayarwa, kuma ana tilasta musu su bar mana kwafin abin da suka auna?

Barista Maryam, Barnawa

Baba, a yarjejeniyar 1982 binciken kimiyya a yankin tattalin arziki sai da yardar ƙasar gaɓa. Mai nema zai miƙa bayanin aikinsa aƙalla wata shida kafin ya fara, ƙasar na da haƙƙin ta sa mutanenta a cikin jirgin, ta kuma karɓi sakamako da samfur. In ta yi shiru wata huɗu ba ta ce komai ba, ana ɗauka ta yarda, don haka takardar da ta kwana a kan tebur a Abuja ita ma izini ce. Inda rigimar take shi ne awon soja. Amurka na cewa ba ya cikin binciken da ke bukatar izini, Sin kuma ta daɗe tana cewa yana ciki in a ƙofar gidanta ne. Zan nemo muku sassan yarjejeniyar, daga na 246 zuwa na 252, in sako su nan bayan Isha'i.